MOTA DA HANYA: Inda mai ke ɗiga ba nan ne ƙofarsa ba

Garin Kore Mairuwa yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, ta nufi Dogon Dutsi da Birnin Kwanni, har Maraɗi da Damagaram. A nan ne kuma hanyar Tibiri ke rabuwa ta yi kudu. Tun shekarar 2011, da aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, Kore Mairuwa ta koma ƙarƙashinta, saboda haka ban da motocin fatake da na ƴan kasuwa, motocin ma'aikata ma ba su rabuwa da wannan mararraba. Duk wanda ya tsaya a tashar garin bayan motoci sun watse, ya dubi ƙasa, zai ga rairayi ya yi dabbare-dabbare da baƙin tabo, wani kamar dala, wani kamar faifai. Kowane tabo man inji ne da wani ya saya da guminsa, ya zuba wa mota da safe, motar ta mayar wa ƙasa kafin azahar.

Direbobi sun saba da abin har sun daina ganinsa ciwo. In an yi magana sai su ce: «Alhaji, tsohuwar mota ai sai da yoyo.» Gaskiya ne tsohon inji ba ya rasa ɗan danshi, wanda ƙura ke mannewa a kai, kuma wannan ba ya hana tafiya. Amma motar da ke buƙatar ƙarin lita guda tsakanin Kore Mairuwa da Doso ta wuce danshi, jini take zubarwa. Abin da wannan fili ke son mai mota ya riƙe a wannan mako guda ɗaya ne: ba a gyaran yoyo sai an ga ƙofarsa da ido, kuma wurin da mai ke ɗiga ƙasa da wuya ya zama nan ne yake fitowa.

Dalilin tsufan motocin hanya

Ba don sha'awa ba ne mutanen ƙasar Arewa ke riƙe da tsofaffin motoci. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, ta zama jakar fatauci a wannan yanki tun lokacin da masana'antar haɗa motoci ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta shiga fitar da ita. An daina haɗa ta shekaru kaɗan bayan 2000, don haka mafi ƙuruciyar waɗanda suka rage ta doshi shekara ashirin, yawancinsu kuwa sun wuce haka nesa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabuwar mota da kayan gyaranta na asali suka fi ƙarfin ɗan kasuwa da ma'aikaci baki ɗaya. Daga nan ido ya koma kan motocin da Turawa suka gama yayi, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a shigo da su ta Gaya. Yawancin Toyota Hiace da ke ɗaukar fasinja, da Corolla da ma'aikata ke hawa, ta wannan ƙofa suka shigo, kuma sun riga sun ci dubban ɗaruruwan kilomita kafin su taka ƙasar Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, wanda ke da niyyar canza mota ya haƙura ya ci gaba da lallaɓa wadda ke hannunsa.

Waɗannan injina an yi su ne don ƙasashen sanyi da hanyoyi masu sumul. A nan kuwa, zafin Afirilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, ya busar da duk wata roba da ke tare mai har ta ƙage ta tsage. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Da damina koramu na fito da duwatsu bisa hanyoyin karkara, ƙasan mota na bugunsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mai kuma da ya samu tsaga komai ƙanƙantarta ya samu hanya.

Lissafin ɗigo

Mai shi ne ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikin inji, yana kuma kwashe wani kaso na zafi. Injin fetur na 504 kimanin lita 4 yake ɗauka, haka ma yawancin ƙananan motoci. Tsakanin zanen sama da zanen ƙasa na sandar awon mai, wadda makanikai ke kira joj, galibi wajen lita ɗaya ce. Wato motar da ta rasa lita biyu ta rasa rabin abin da ke tsare da ranta.

A ƙiyasi, ɗigo 20 ke cika mililita guda. Yoyon da ke sakin ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da ɗigo 3.600 a awa, wajen mililita 180 ke nan. Daga Yamai zuwa Doso kusan kilomita 140 ne, daga Doso zuwa Dogon Dutsi ma kusan haka. Wanda ya je Yamai ya dawo, ya yi awa takwas inji na aiki, ya bar kusan lita ɗaya da rabi a kan kwalta. Ɗan kasuwan da ke ƙara lita guda kowace tafiya, yana tafiya uku a mako, ya zuba lita 12 a wata: man juye uku ke nan cur, ba tare da ya yi juyen ko sau ɗaya ba. In ya tara kuɗin wata biyu ko uku, sau da yawa sun isa gyaran da yake gudu.

Akwai wani kuskure da ya kashe injina da yawa. Direba yakan ce ai jar fitilar mai ba ta kama ba, don haka da saura. Wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tura shi take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa. Lokacin da ta kama, famfon mai ya fara zuƙar iska, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Minti kaɗan sun isa inji ya ƙwanƙwasa ko ya kafe. Joj kaɗai ke faɗin gaskiya, ita ma sai an tsai da mota a wuri mai daidai, an kashe inji an jira minti biyar zuwa goma mai ya koma ƙasa, an goge sandar an mayar, sa'an nan a zaro a karanta.

Zuba yake ko ƙonewa?

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, tambayar farko ita ce: man da ke raguwa ƙasa yake zuwa, ko inji ke cinye shi? Injin da ringinsa ya cinye, ko robobin bawul ɗinsa suka bushe, yana ƙona mai tare da fetur. Alamarsa shuɗin hayaƙi a bakin salansa, musamman in an tayar da shi da asuba ko an taka wuta bayan gangara, da kuma buji mai baƙin maiƙo. Wanda kuma juwan kulas ɗinsa ya ƙone, mai na iya ratsawa cikin ruwa ko ruwa cikin mai: sai a ga maiƙo na yawo a bakin lagireto, ko man da ke jikin joj ya koma kalar shayi da madara. Waɗannan biyu ba su barin tabo a ƙasa. Mai mota zai iya canza duk robobin waje bai rage komai ba. Sau da yawa kuma tsohuwar mota tana yin duka biyun, tana ƙonawa tana zubarwa.

Tambaya ta biyu: abin da ke ɗiga, man inji ne kuwa? A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin mota da dare, a yi masa alamar gaba da baya, da safe a duba. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa, na injin gazuwal ya fi baƙi ƙirin. Man giya da na difa yana da kauri da wari mai ƙarfi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. A tsofaffin Peugeot man inji ake zuba wa giya, amma shi ba ya baƙi, domin hayaƙi ba ya taɓa shi. Man sitiyari da na giyar otomatik galibi ja ne. Man birki fari ne mai ɗan rawaya, kusa da ƙafa yake ɗiga ko ƙarƙashin mazaunin direba ta gaba, kuma wanda ya gan shi kada ya tashi motar sam, domin wannan maganar rai ce.

A wanke tukuna

In ta tabbata man inji ne, sai babban aiki, wanda kuma shi ne aka fi tsallakewa. Tsohon inji mai yoyo duk jikinsa baƙi ne, ƙura da mai sun yi masa ɓawon da ya kai kaurin yatsa. A cikin wannan hali babu makanikin da zai iya nuna ƙofa, komai ƙwarewarsa, sai dai ya yi canki. Dalili kuwa shi ne mai ba ya tsayawa inda ya fito. Nauyinsa yana janyo shi ƙasa, iskar fanka da iskar gudu suna kora shi baya. Man da ya fito daga saman inji ta gaba zai bi gefe ya gangara, ya bi bakin kwanon mai, ya je ya taru a mahaɗar inji da giya, a can ya ɗiga. Injin 404 da na 504 ma a karkace suke zaune, duk abin da ya fito sama gefe ɗaya yake bi. Mai dubawa daga ƙasa sai ya ɗora laifi a kan wurin da ya ga ɗigo, a bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka a jira inji ya huce, a rufe delko da kafireto da bakin iska da leda, a kankare ɓawon, a wanke da gazuwal ko kananzir da buroshi, a bi da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Ba a wanke inji da fetur: tartsatsi ɗaya ya isa. In ya bushe, a barbaɗa hodar jarirai ko tankaɗaɗɗiyar toka a duk mahaɗa da ake tuhuma, a cika mai zuwa zanen sama, a tayar da inji a bar shi ya yi zafi wajen minti goma sha biyar. Sa'an nan a ɗauki tocila a fara dubawa daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya. Sabon mai zai zana baƙin layi a cikin farar hoda, wurin da layin ya fara daga can sama, nan ne ƙofa. In bai nuna ba a tsaye, a yi tafiyar kilomita biyar a dawo a sake dubawa, domin wani yoyon sai inji na gudu yake buɗewa. A manyan garejin birane akwai wani rini da ake zubawa cikin mai, a haska da fitila ta musamman ya yi ƙyalli, amma hoda da haƙuri suna yin aikin a Kore Mairuwa.

Hattara biyu a nan. Mai babbar riga ko rawani kada ya sunkuya kan injin da ke aiki, fanka da bel ba su san Alhaji ba. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi. A nemi rami, ko a tokare da katako mai kauri.

Ƙofofin mai, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

Ƙofar da ta fi kowace yawa ita ce ta murfin saman inji. Juwan ɗinsa na roba ko na kwalaba yana bushewa da zafi, kuma yaran gareji kan ɗaure notinsa fiye da kima har murfin ya lanƙwashe. Gyaransa na rabin awa ne, amma haɗarinsa babba ne, domin man da ke fita nan yana iya sauka kan bututun salansa mai zafi. Warin ƙonannen mai a cikin mota da hayaƙi daga ƙarƙashin murfin gaba, alamarsa ke nan, kuma motar da ke ɗauke da jarkar fetur ba ta wasa da wannan alama.

Sai ƴar na'urar nan da ke kunna jar fitila, wadda ake ɗaurewa a jikin inji, sau da yawa kusa da filtir, da waya ɗaya a kanta. Girmanta bai wuce babban yatsa ba, amma tana zaune ne a kan hanyar da mai ke bi da ƙarfi. In robarta ta fashe, mota a kashe ba ta ɗiga ko kaɗan, da an tayar kuwa sai mai ya yi ta tsartuwa. Duk yoyon da ke ƙaruwa in an taka wuta, a fara tuhumarta.

Sai filtir. Yoyon da ya fara washegarin juye, wanda ake kira bidanji a wannan gefen iyaka, kusan kullum a nan yake ko a notin juye. Wani lokaci tsohon zoben roba yakan manne a jikin inji, a ɗaura sabon filtir a kansa, zobe biyu su hau juna. Da inji ya yi zafi sai ɗaya ya zame, mai ya ƙare cikin ƴan mintoci. Filtir na jabu kuma bakinsa ba ya zama daidai. Notin juye yana da zoben jan ƙarfe da ya kamata a canza kowane juye. In an yi ta mayar da tsohon, sai a riƙa ƙara ɗauri don ya kama, har zaren notin ya cinye.

Kwanon mai na ƙasa, wato karter, shi ke karɓar bugun duwatsu a hanyoyin ƙauye. Tsagarsa ta bambanta da sauran: tana ɗiga dare da rana, ko inji na aiki ko ba ya yi. A tsofaffin injinan fetur a duba gindin famfon fetur da gindin delko. A injinan gazuwal a duba bututun da ke kai mai ga turbo da na'urar sanyaya mai.

Daga ƙarshe sai robobi biyu da ke rungume da bakin karanshaf, wato babban sandan ƙarfe da fistin ke juyawa, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Makanikan Nijar na kiransu juwan sipi, na Najeriya na cewa sil. In ta gaba ta lalace, fuli yana watsa mai ko'ina kamar mai yayyafi, bel ya jiƙe. A injinan da bel ke juya bawul, irin na Corolla da yawa, mai yana cin robar bel ɗin har ya tsinke a tsakiyar hanya. Ta baya ita ce mai tsada, domin ba a kai wa gare ta sai an sauke giya, wani lokaci ma injin ɗungurungum, kuma man da ke fita nan yana jiƙa kuloci har mota ta riƙa kuka ba ta ja in ta ɗauki kaya. Ita ce kuma aka fi yi wa ƙazafi, tun da duk man da ya gangaro daga sama a ƙofarta yake taruwa. Mai motar da aka ce wa «Alhaji, sai an sauke giya» yana da haƙƙin ya amsa: «Maigida, a wanke a nuna mini tukuna.» Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan magana, don ta raba shi da zargi. In ta tabbata ita ce, a shafa bakin karanshaf da farce kafin a sa sabuwa: rairayi yakan yi masa zane, sabuwar roba in ta zauna a kan tsohon zane ba ta kai wata guda.

Inji ma yana numfashi

Akwai mai motar da ya canza juwan ɗin sama, mai ya ɓullo ta gaba. Ya canza na gaba, ya ɓullo ta baya. Sai ya ce kayan gyaran zamani ne ba su da kyau, ko kuma an yi masa baki. Ruwa ba ya tsami banza. A kowane inji, wani ɗan hayaƙi yana kuɓucewa ta gefen fistin ya sauka cikin karter. Masu ƙera mota sun yi masa mafita, ɗan bututu da ke tashi daga murfin sama ko gefen inji ya koma bakin iska, wanda makanikai ke kira reniflar. Ƙura da daskararren mai suna toshe shi. In ya toshe, hayaƙin ya rasa hanya, sai ya matsa wa mai, mai kuma ya nemi robar da ta fi rauni ya fita ta nan. An toshe wannan, ya koma waccan. Wanke wannan bututu da kananzir ba ya cin kuɗi, amma ya tsai da yoyon da aka kashe jikkuna a kansa a banza.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Inji na aiki a hankali bayan ya yi zafi, a buɗe murfin zuba mai. Ɗan huci kaɗan ba laifi. In kuwa hayaƙi na fita fuf-fuf kamar tukunyar dambu, ko joj na tasowa daga mazauninta da kanta, alhali bututun a buɗe yake, to ringi ya cinye, kuma babu robar da za ta riƙe mai sai an buɗe inji. Abin da ke cinye ringi a ƙasar nan ƙura ce, ƙura kuma ta filtir ɗin iska take shiga in ya yage, ko in direba ya cire shi wai don mota ta ƙara ja. Injin gazuwal da ya kai wannan hali yana iya zuƙar mansa ya riƙa ƙonawa, ya yi ta gudu ko an zare makulli. In haka ta faru, a taka birki, a sa babbar giya, a saki kuloci ya mutu. Haka nan cika mai ya wuce zanen sama, wanda wasu ke yi wai don guzurin hanya, shi ma yana tura mai waje.

Magungunan da ke ƙara ciwo

Na farko shi ne zuba mai mai kauri fiye da kima, har da man giya mai lamba 90. Yoyo yana raguwa, gaskiya ne, amma da sanyin asuba wannan mai ba ya isa saman inji da wuri, ƙarfe na cin juna kowace safiya. Tsohon inji a wannan zafi yana zama lafiya da 20W-50 ko 15W-40. Siririn mai irin 5W-30 na sababbin motoci ne, a tsohon inji yakan bi kowace tsaga. Na biyu shi ne man kwalba na bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba. Wani tsohon man juye ne aka tace aka sake sayarwa, dattinsa shi ke toshe bututun numfashi. Araha ba ta ado. Na uku shi ne lafta gam a kowace mahaɗa: rarar da ta matso ciki tana yankewa ta faɗa karter, ta toshe rariyar famfon mai, garin neman gira a rasa ido. Ruwan gwangwani da ake cewa yana tsai da yoyo yana ɗan kumbura busasshiyar roba na wani lokaci, amma ba ya ɗinke wadda ta yage, ba ya kuma like ƙarfen da ya tsage.

In abin ya faru a hanya

In jar fitila ta kama tsakanin Bolbol da Kore Mairuwa, kada direba ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari. A sauka gefe a kashe inji nan take. A duba joj, a duba filtir, a duba notin juye. In akwai galan a mota, a cika a tayar. Fitilar ta mutu kuma man ɗiga yake, ana iya tafiya a hankali ana tsayawa ana dubawa. In zuba yake kamar an buɗe famfo, ko fitilar ta ƙi mutuwa, ko an ji ƙwanƙwasa, igiyar ja ta fi arha. Kuɗin jan mota zuwa gareji ba ya kama ƙafar kuɗin injin da za a je nema Sakkwato ko Kano.

Ga ma'aikata kuwa, maganar ta fi nauyi. Motar hukuma direbobi da yawa ke hawanta, kowa ya ƙara mai ya yi shiru, babu wanda ya san nawa take sha. Shugaban ma'aikatar da ya sa a riƙa rubuta kowace lita da kilomitanta a littafin mota, cikin mako biyu zai san ko motarsa na zubarwa, ko tana ƙonawa, ko kuwa man wani wuri yake zuwa. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta taso da mai naƙuda daga ƙauye cikin dare, ta nufi asibitin Dogon Dutsi ko na Doso, ba ta da damar tsayawa neman lita guda a daji. Irin wannan mota da rana ake duba ta, ranar da babu kowa a ciki.

Man da ya zuba ma ba ya ɓacewa. A kan kwalta tarko ne ga masu babur, balle da yayyafin farko. A cikin rairayi kuwa nutsewa yake yi, kuma Kore Mairuwa tana cikin kwarin Dallol Mauri, inda ruwa ke kusa da ƙasa, rijiyoyin sha da na lambu ba su da zurfi. Garejin da ke zubar da man juye a rami bayan shago yana zuba shi ne a kan ruwan da unguwa ke sha. Ganga guda mai murfi ta isa ta tara shi.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai motar da ya ware safiya ɗaya, ya sayi sabulu da hoda, ya tsaya a kan makanikinsa har aka nuna masa inda baƙin layi ya fara, shi ne zai biya kuɗin abin da ya lalace kaɗai. Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba zafin inji da ruwan lagireto, kafin bazara ta kankama. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.